Sandar Fatsar da Na Kankare wa Yaya

A shekarar da na ajiye aikin koyarwa ban san inda zan sa kaina ba. Tun ina saurayi nake sammakon tafiya makaranta, sai ga shi rana ɗaya an ce in zauna a gida in huta. Hutun bai karɓe ni ba. In na zauna a zaure na ɗan lokaci sai in ji kamar an zuba mini ƙaiƙayi a riga. In tashi in leƙa gona, in dawo ban taɓa komai ba, in shiga gida in buɗe randa in rufe. Maiɗakina har ta daina tambayata abin da nake nema.

A wannan shekarar ce kuma, kafin ruwan farko ya sauka, yayana da ke Gwaram ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa. Aka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, likita ya ce ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Ni na yi jinyarsa har aka sallame shi. Na ga bakinsa a karkace, na ga hannunsa na dama a yashe a kan gado kamar ba nasa ba. Wannan hannun ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi noman da aka sa ni makaranta, shi kuma ya koya mini fatsa a kogin bayan garinmu. Da aka mayar da shi gida na ce masa ina nan tafe cikin mako. Mako ya wuce, wata ya wuce, ban je ba. Kullum da dalilin da zan ba kaina: yau hadari ya haɗo, gobe akwai ɗaurin aure, jibi taki zan kai gona.

Wata rana yawon rashin abin yi ya kai ni Kano. Ina ratsa layin masu kayan gwanjo, cikin tulin dutsen guga da kekunan yara, na hango sandar fatsa irin ta Turawa. Gida biyu ce, ana zura ɗaya cikin ɗaya, da ƙananan zobba a jikinta inda zare ke bi, da ƙwarƙwaro mai hannu na naɗe zaren. Na ɗaga ta na ji ba nauyi. Nan take Yaya ya faɗo mini a rai. Na ce mutumin da hannunsa ya yi rauni ai irin wannan ce daidai da shi, ba gorar nan tasa mai tsawon tsiya ba. Na saya na taho da ita, ina jin kamar na samo maganin ciwon gaba ɗaya.

Sai da na iso gida na haɗa ta, na lura da mariƙinta. Baƙin soso ne mai ɗan tauri aka lulluɓa mata, guntu a gaban ƙwarƙwaron, dogo a bayansa. Kaurinsa ya kusa na taɓarya. Mu kuwa gidanmu ƙananan hannuwa gare mu, gadon mahaifiyarmu. Na damƙe shi na ga yatsuna da ƙyar suke haɗuwa. Na tuna gorar Yaya, wadda wurin riƙonta bai wuce kaurin babban yatsa ba, ta yi santsi saboda shekaru. Na ce a raina, ba zan kai masa ita haka ba, sai na rage mata ƙiba.

Da wuƙa na fara. Soson ya ƙi yankuwa, sai dai ya lotsa ya dawo, inda ta kama kuma ta yage shi. Na koma reza. Ita ta ci, amma ta bar mini rami-rami kamar ɓera ya gwaguyi sabulu. Na tafi kasuwa na sayo samfefa mai kaushi, na zauna a tsakar gida na ɗora sandar a cinya na hau gurza. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, don rabon da hannuna ya samu aikin da zai riƙe shi tun ranar da na miƙa makullin ofis. Baƙin gari ya riƙa zuba, laushinsa kamar kwalli. Ya shiga hancina, ya hau gemuna, iska ta kwashe shi ta kai kan garin masarar da maiɗakina ta shanya a tabarma.

Ta fito daga madafi ta tsaya a kaina.

“Malam, tuwon yau baƙi za mu ci ke nan?”

Na ba ta haƙuri, na ja kujerata zuwa zaure. Can na ci gaba kwana uku. Matsalar ita ce hannu ba ya gurza daidai. In na ci wannan gefen sai wancan ya yi tudu, in na bi tudun sai nan ya zama shafaffe. Mariƙin da yake zagayayye ya koma mai kusurwa-kusurwa kamar fensir. In na ajiye shi na tafi masallaci, ina cikin sahu hankalina na kan wani ɗan ƙullutu da na bari kusa da gindi.

Rana ta huɗu na naɗe sandar a buhu na nufi shagon wani kafinta a bakin titi. Tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci har da furfura a gemu. Ya karɓa ya jujjuya, ya shafa ramukan rezar, ya danne dariyarsa saboda girmamawa.

“Malam, wannan ba a bin sa da hannu. Juya shi ake yi, samfefar tana tsaye.”

“To juya mini.”

“Sai an kawo wuta. Janaretona yana wurin gyara.”

Na ce zan jira. Na zauna a benci, na tashi, na zagaya shagon, na ɗauki abin awonsa na ajiye, na leƙa titi na dawo. Har aka yi azahar ba wuta. Ya ce in je gida zai kira ni, na ce a'a. Sai wajen la'asar fankar shagon ta motsa.

Na ga aiki a ranar. Ya cire ƙwarƙwaron ya ajiye gefe, ya naɗe mazauninsa da salatif don kada samfefa ta taɓa shi. Ya samo siririn ƙarfe ya naɗa masa tsumma, ya cusa a bakin sandar har ya kama, ya ɗaure ɗaya bakin ƙarfen a injin huda katako. Gindin sandar kuma ya ɗora shi a kan wani katako da ya yi wa gurbi. Ya ce in riƙe injin in danna a hankali. Sandar ta fara juyawa, shi kuma ya yanko samfefa doguwa kamar ɗamara, ya riƙe bakinta biyu ya rungumo soson da ita, yana tafiya da ita gaba da baya.

“Kada a danna da ƙarfi, Malam. In ya yi zafi narkewa zai yi.”

Kafin a jima ramukan suka ɓace. Ya sauya samfefa mai laushi ya bi, soson ya fito sumul kamar daga kamfani. Ya kashe injin ya miƙo mini. Na damƙa, yatsuna suka haɗu har da ragi.

“A ƙara kaɗan,” na ce.

Ya ƙara. Na sake damƙawa na ce a ƙara. A karo na uku ya zare sandar daga injin ya kaɗe hannunsa.

“Malam, ku yi haƙuri, daga nan ba zan ƙara ba. Abin da aka cire ba ya komawa. Kada garin neman gira a rasa ido.”

Na yi masa godiya na tafi, amma ban ji maganarsa ba. Da na isa gida sai na ga kamar guntun soson na gaba ya fi na baya kauri. Na ɗauko ragowar samfefata na daidaita. Washegari na ga na bayan ne ya fi. Haka na yi ta yi kusan mako biyu, ina rage nan ina rage can, har wata safiya na ji yatsana ya taɓa wani abu mai tauri. Na duba, soson ya yi sirantar da jikin sandar ke nunawa ta ƙarƙashinsa. Na zauna ina kallonsa.

Maiɗakina ta shigo zauren da kokon kunu ta ajiye. Ba ta fita ba, ta jingina da bango.

“Matar Yaya ta sake bugo waya. Ta ce kullum in ya ji tsayawar babur sai ya tambaya ko kai ne.”

“Ai ina gama wannan zan tafi.”

“Malam, sandar nan ta daɗe da gamuwa. Kai ne ba ka son zuwa.”

Na ɗaga kai zan yi faɗa, na fasa. Gaskiya ta faɗa. Tsoron ganinsa nake yi. A asibiti akwai likitoci da magunguna da zirga-zirgar da za ta ɗauke wa mutum hankali. A gida kuwa daga ni sai shi sai wannan hannun. Ban sha kunun ba. Na raba sandar biyu, na ɗaure da igiya, na sa hula na fita tasha.

Ranar kasuwar Gwaram ce, motar ta cika maƙil. Na tsayar da sandar tsakanin gwiwoyina, tsininta yana taɓa rufi. Wani dattijo da ke gefena ya tambaya ko eriyar talabijin ce. Na ce ta kamun kifi ce, ya ce shi dai bai taɓa ganin kifin da ya san bambancin sanda ba. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Duk tsayawar da direba ya yi don ɗaukar fasinja sai in ji kamar in sauka in koma. Gero ya kai ƙugu a gonakin hanya, ko'ina kore shar, amma ban iya tsayar da idona a kan komai ba.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida, a gindin darbejiya, an shimfiɗa masa tabarma an jingina shi da matashi. Ya rame, amma bakin ya ɗan koma daidai. Da ya gan ni bai yi murmushi ba. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Auta,” ya ce, maganar tana fita a hankali, “ashe kana raye.”

Na durƙusa na gaishe shi. Na fara jero dalilai, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni. Matarsa ta fito da kwanon fate, ta yi mini tsiya irin tata, ta ce ta ɗauka sai an aiko mini da goron gayyata. Ta ajiye kwanon a gabansa ta miƙa masa cokali.

Cokalin nan na ƙura wa ido. An naɗe mariƙinsa da tsumma, an bi da roba an ɗaure, har ya yi kaurin rake. Ta buɗe yatsunsa na dama ta sa masa shi a ciki. Yatsun suka lanƙwaso kaɗan suka tsaya, ba su kai tafin hannu ba, amma sun riƙe. Ya ɗebo faten yana rawa ya kai baki.

“Mai gashin ƙashi ce ta koya mana,” in ji matarsa. “Yatsun ba sa rufewa duka. In abu siriri ne zamewa yake yi, sai mai kauri yake iya riƙewa.”

Na dubi sandar da ke gefena. Na so in tura sandar bayan tabarma, amma ya riga ya gan ta.

“Mene ne wannan ka ɗauko?”

Ba yadda zan yi. Na kwance igiyar na haɗa ta, na nuna masa zobban da ƙwarƙwaron. Idonsa ya yi haske yadda ban gani ba tun kafin ciwon. Ya ajiye cokalin ya miƙo hannun dama da ƙyar. Na sa masa mariƙin a tafi. Yatsun suka lanƙwaso suka tsaya a inda suka saba tsayawa, sandar ta sulale ta tsakaninsu ta faɗi a kan tabarma. Ya ce in sake. Na sake, ta sake faɗuwa.

Ya jawo ta da hagu ya kai kusa da idonsa, ya shafa wurin da na cinye.

“Haka aka ƙera ta?”

“A'a, Yaya. Da kauri ta zo. Ni na rage.”

“Kamar yaya kaurin?”

Na nuna masa da yatsuna. Ya dubi cokalinsa, ya dube ni.

“Da hannun wa ka auna?”

“Da nawa.”

“To ai naka lafiyarsa ƙalau.”

Sai ya fara dariya. Dariyar ta fito a karkace, rabin fuska tana yi rabi tana kallo, har tari ya sarƙe shi matarsa ta kawo ruwa. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na kasa tsayar da su, ina dattijo a bakin titi ranar kasuwa. Ya bar ni na yi mai isata. Da na share fuska ya ce, “Tashi ka je wurin mai faci ka samo tsohon tif na babur. Ka biya ta wurin masu takalma ka karɓo silifas ɗin da ya tsinke.”

Na tafi da sauri kamar yaron da aka aika. Na dawo da tif ɗin da silifas ƙafa biyu da gam. Shi ya riƙa ba da umarni, ni ina yi. Na fere soson silifas ɗin falle-falle na jera su a jikin mariƙin, na yanka tif ɗin dogo-dogo na riƙa naɗawa ina ja. Duk naɗi ɗaya sai ya ce in kawo ya gwada. Sau biyar muna gwadawa. A na shida sandar ta zauna a hannunsa. Ya ɗaga ta kaɗan, tsininta ya yi rawa a iska, bai sake ta ba. Mariƙin ya yi muni, ƙulu-ƙulu kamar ƙafar da aka yi wa ɗori, ga warin gam.

“Yanzu ta zama sanda,” ya ce.

Na kwana a Gwaram. Da hantsi wani maƙwabcinsa ya ɗaura wa shanunsa amalanke, muka ɗora Yaya a kai muka gangara kogi. Ruwa ya ƙaru, ya yi ja saboda damina. Muka zaunar da shi a kan wani faffaɗan dutse inda ya saba zama. Na haƙo tana a gindin ciyawa na soka a ƙugiya. Jifan ya gagare shi, ni ma ban iya ba. Na farko da na yi zaren ya cukurkuɗe a ƙwarƙwaron, na ɓata lokaci mai tsawo ina warwarewa yana yi mini faɗa. Daga ƙarshe ya ce in cire abin gaba ɗaya in ɗaura zaren a tsini yadda aka saba. Na cire na sa a aljihu. Na jefa masa ƙugiyar a gefen wata ciyawa, na sa masa sandar a hannu.

Ya zauna shiru, idonsa a kan ɗan karan da na ɗaura wa zaren, wanda ke yawo a ruwa. Ni na kasa. Na tashi na duba tanar, na gangara na wanke ƙafa, na hau na tambaye shi ko rana ta dame shi.

“Auta, ka zauna. Inuwarka tana korar mini kifi.”

Na zauna. Can karan ya nutse. Hannun bai iya fizga ba, sai ya kai na hagu ya tallafi gwiwar hannun ya ɗaga su tare. Wata 'yar karfasa ta fito tana wutsil-wutsil, ba ta kai tafin hannu ba. Ita kaɗai muka samu ranar. Ya hana a mayar da ita ruwa, ya ce a kai wa matarsa ta soya, ya kuma cinye abarsa shi kaɗai bai ba kowa ba.

Tun daga nan duk ranar kasuwar Gwaram ina hanya. Zaman gida bai daina damuna ba, har yau in na wuni a zaure ƙafafuna ƙaiƙayi suke yi, amma na samu rana ɗaya a mako da na san inda za ni. Da kaka ta yi, yatsunsa suka ƙara rufewa kaɗan, ya ce mariƙin ya yi masa yawa, muka warware naɗi ɗaya na robar. Bayan wasu watanni muka sake warware ɗaya. Daga nan hannun ya tsaya, bai ƙara ba, mai gashin ƙashin ma ta ce wataƙila iyakarsa ke nan. Yaya bai nuna damuwa ba. Da na faɗa masa cewa akwai wani asibiti a Kano da ya kamata mu gwada, ya ce zai yi tunani, sannan ya ce in zan zo mako mai zuwa in taho da ƙananan ƙugiyoyi, don waɗanda nake kawowa sun yi wa bakin karfasa girma.